Ruwan Biyu ga Janairu

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai saka kwanan wata a shafin intanet aikin layi ɗaya ne. Ka ɗauko lamba daga baz, ka ce wa inji ya juya ta, shi ke nan, a zubo shayi. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro. Yau na tofar, sai ku gyara zama. Shekarata ashirin da ɗoriya ina wannan aiki a Damagaram, kuma layin nan ɗaya da kuke rainawa shi ya hana wani gari hatsin shekara guda. Ni na rubuta shi da hannuna.

Ni ba da odinata, wato kwamfuta, na fara ba. Daktilo ne ni, ina zaune a gindin bedi bakin wani biro, wato ofis, ina buga wa mutane takardar neman aiki da ta ƙorafi. Da aka buɗe sibar, shagon intanet, a unguwarmu na koma can ina buga wasiƙu. A nan Mushe Abdu ya tsince ni, Mushe kuwa "Malam" ke nan a bakin 'yan Faransanci. Tsoho ne siriri, ya yi aikin injuna a Yamai har ya gaji ya dawo gida. Mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya leƙa bayanka kafin ya amsa. Ranar farko ya nuna mini wata doguwar lamba a fuskar injin, ya ce, "Lawali, mene ne wannan?"

Na ce, "Lambar waya ce ta ƙasar waje, Mushe."

Ya ce, "Yau ce. Yanzu-yanzun nan da muke zaune."

Sannan ya yi mini bayanin da ku aka ba ku a kwano. Baz, wato rumbun da ake zuba bayanai, bai san Litinin ba, bai san azahar ba. Sakan yake ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga farkon shekarar 1970, da agogon da duniya ta yarda a yi awo da shi, wanda mu nan muke gabansa da awa ɗaya. Aikinmu tafinta ne: mu ɗauki wannan lamba mu mayar da ita rana da wata da ƙarfe, yadda mai karatu zai gane. Ya ce kafin na taɓa kowace lamba in yi mata tambaya uku. Agogon wa ya buga ki? Da lokacin wane gari? Wa zai karanta ki? In ban samu amsar ko ɗaya ba, in ɗauke hannuna.

Aikin farko da ya sakar mini na wani kamfanin motocin safara ne, shafin da ke nuna lokacin tashi. Na manta awar nan ɗaya. Motar ƙarfe bakwai ta fito ƙarfe shida. Kwana uku mutane suna sammako da kaji da buhuna, suna zaune a tasha suna tsine wa wanda ba su sani ba. Da Mushe Abdu ya ji, bai yi faɗa ba. Ya ce gobe in je tashar ƙarfe shida, in zauna cikinsu har mota ta tashi, kada in faɗa wa kowa ko ni wane ne. Na zauna. Wata tsohuwa kusa da ni ta yi wa mai laifin addu'a wadda har yau in gwiwata ta yi ciwo sai na tuna ta.

Akwai kuma rikicin rana da wata. Mu da muka yi lakwal, makarantar Faransanci, rana muke sa wa gaba, wata ya biyo. Wasu masu ba da taimako na ƙetare wata suke sa wa gaba. Ka rubuta huɗu da biyar, kai kana nufin huɗu ga Mayu, shi yana karanta biyar ga Afrilu, a zauna ana jayayya a kan aikin da ko farawa ba a yi ba. Shi ya sa har gobe ni wata da sunansa nake rubuta shi, ko shafi zai yi muni. Ku da kuke son kyau, ku yi ta so.

To, abin da na ɗauka wurin Mushe Abdu ke nan, zargi. Ba na shaidar ɗan kuturu sai ya shekara da yatsa. Ina zargin agogo, ina zargin lamba, ina zargin wanda ya turo ta. Wannan hali ya raba ni da kunya sau da yawa. Sau ɗaya kuma ya kai ni ya baro.

Shekarar farin ce, wadda aka shiga damina rumbuna wayam. Mushe Abdu ya riga ya rasu. Wani porje, wato shiri na taimakon manoma, ya ɗauke ni, a ƙarƙashin wata mata, Madam Zainabu, mace mai tsare gida wadda ba ta son a faɗa mata magana sau biyu. Tsarin shi ne, a kowane ƙauye, daga wajen Gaffati har Dogo da Dakusa, an kafa ma'aunin ruwa, wani bututu mai layi-layi a kan sanda. An ba mutum ɗaya amintacce salula mai ɗan program a ciki. In an yi ruwa ya auna, ya danna adadin, wayar ta ajiye, in ta samu rezo, wato sabis ɗin waya, ta turo zuwa sarbur, babban injin da ke tara komai. Ni kuma nawa shi ne shafin da komite za su buɗe su ga wane gari, ruwa nawa, wace rana.

Ranar ce ke da nauyi. Kun san manomi, ruwan farko ya sauka sai ya zuba irinsa a ƙasa. In ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone, irin ya tafi, a shekara irin wannan kuma ba wani a rumbu. Porje yana da irin gero mai saurin nuna, amma ba zai ishi kowa ba. Sai aka kafa ƙa'ida: garin da ya cika sati uku ba ruwa bayan ruwan shuka, shi za a ba irin sake shuka. Wanda bai cika ba, ana ɗauka tsironsa na iya jurewa.

Kowane saƙo yana zuwa da lokaci biyu. Akwai wanda agogon wayar ya buga sa'ad da mutum ya danna, akwai wanda sarbur ya buga sa'ad da saƙon ya iso. Na buɗe na wayoyin na duba, sai ga shirme. Wani yana gaba da awa biyar, wani yana bara, wasu kuma muna tsakiyar bazara suna Janairu. Na ce a raina, ai ga su nan. Ko sakaci ne, ko kuma wani ya gano cewa in ya ja agogo baya garinsa zai shiga lis. Na rantse ba ɗan ƙauyen da zai yi mini wayo da maɓalli. Na watsar da lokacin wayoyin, na ɗauki na sarbur, wanda hannun kowa ba ya kaiwa. Na ƙara masa awa ɗaya tsaf, na rubuta wata da sunansa, ya fito gwanin sha'awa. A samansa na sa "Ranar ruwa". Ban gaya wa Madam ba, don a ganina ba abin da za a gaya.

Komite suka zauna, suka buɗe shafina, suka fitar da lis. Bayan kwana biyu sai ga wani dattijo a biro, ƙafarsa fara fat da ƙurar hanya, da hula a hannu don zafi. Malam Ma'azu ke nan, mai auna ruwa na wani ƙauye can bayan Dogo, cikin tuddan rairayi. Madam ta turo shi wurina.

Muka gaisa. Ya ce, "Malam Lawali, an ce kai ne mai riƙe da ranaku. Garinmu bai fito ba. Ranar da komite suka zauna muna da kwana ashirin da uku ba ruwa. Geron ya ƙone ƙurmus, ko akuya ba ta tsinci abin ci ba."

Na juya masa injin. Na ce, "Baba, ga abin da ke nan. Kwana goma sha bakwai."

Ya daɗe yana kallon fuskar injin, ko da yake ba boko ya yi ba. Ya ce, "Ni ban san wannan ba. Washegarin kasuwa ruwan ya sauka, bayan la'asar. Gab da magariba ya ɗauke, na auna, na danna."

Nan zargina ya motsa. Na ce bari in kama shi hannu dumu-dumu. Na buɗe ɗaya lokacin, na agogon wayarsa, na juya lambar a gabansa. Biyu ga Janairu, ƙarfe biyu da rabi na dare. Na kira Madam ta zo ta tsaya a bayana.

Na ce, "Baba, ruwan sama a Janairu? A Damagaram? Wa ya taɓa agogon wayar nan?"

Ya ce, "Ban taɓa komai ba sai inda aka nuna mini."

"To ita ta taɓa kanta?"

Ya juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Ɗana, ni dai rigata ce ta jiƙe. Injinka yana cikin ɗaki."

Madam ta dube ni ta ce, "Lawali, ka tabbata?" Na ce mata gani ya kori ji. Na ƙara da cewa in aka bar wannan ya wuce, gobe kowa zai zo da nasa Janairun. Ta miƙa hannu, dattijon ya ciro wayar daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda da ƙyalle, ya ajiye mata a tebur. Ya sa hularsa, ya yi mana sai an jima, ya fita. Wayar ta shiga durowata. A ranar daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Har na ba abokan shayi labari.

Aka raba iri. Ruwa na biyu ya sauka ko'ina, masu iri suka fita gona.

Kwana goma bayan zuwansa aka ɗauke mana kuran, wato wutar lantarki, a unguwa, kwana biyu ba a maido ba, salulata ta mutu. Da rana tsaka na shiga kasuwa wurin wani mai sharji, mutum mai furfura a gemu, da injin wuta yana ƙugi a bayan rumfa. Na miƙa masa wayar. Maimakon ya nemo igiya, sai ya ɓalle bayanta, ya zare batir, ya maƙala shi a wani ɗan abu mai haƙora biyu, ya miƙo mini gangar jikin.

Na ce, "Malam, me ya sa ka cire?"

Ya ce, "Haka ake yi. Wa ke da igiyar kowace waya? Kuma wa zai bar mini wayarsa ya tafi cefane? Batir ake bari, a tafi da waya."

Na dawo bayan la'asar, ya mayar, na kunna. Wayar ta buɗe ido ta ce ɗaya ga Janairu, ƙarfe goma sha biyu na dare, tana tambayata ko zan gyara. Na tsaya a tsakiyar kasuwa da waya a hannu, wani mai amalanke yana ta yi mini magana in ba shi hanya, ban ji ba sai da ya taɓa ni.

Ban koma gida ba, biro na nufa. Na ciro wayar Malam Ma'azu, na zare batir, na mayar. Ɗaya ga Janairu. Na jawo duk saƙonninsa tun farkon aiki, har da na gwaji da aka sa su riƙa turowa kafin damina. Ba ko ɗaya da ya wuce bakwai ga Janairu. Na duba lokacin isowa, duka rana ɗaya ce a mako, da hantsi. Ranar kasuwarsu.

Kun gane ko sai na tauna muku? Garinsu ba rezo, ba kuran. Duk mako yana takowa kasuwa. Yana isowa wayar ta kama rezo, ta amayar da abin da ta tara. Sannan ya ba da batir a yi sharji, ya karɓa wajen la'asar, agogon ya koma ɗaya ga Janairu. Ba a nuna masa gyaran agogo ba, bai taɓa ba. Ashe agogon nasa ba hauka yake ba. Ƙirga yake yi daidai, sakan bayan sakan, sai dai shi ba daga 1970 yake farawa ba, daga la'asar ɗin ranar kasuwa yake farawa. Na ɗauki alƙalami da takarda. Biyu ga Janairu ƙarfe biyu da rabi, awa ashirin da shida da rabi ke nan daga kunnawa. Ka ɗora a kan la'asar ɗin kasuwa, ina ka faɗa? Washegari, gab da magariba. Abin da dattijon ya faɗa mini da bakinsa, ba ƙari ba ragi. Saƙon kuma sai kasuwa ta gaba ya iso, bayan kwana shida. Sha bakwai da shida, ashirin da uku ke nan, lissafin dattijon.

Tambayar farko ta Mushe Abdu na tsallake. Na tambayi lambar wayar agogon wa ya buga ta, na raina amsar. Lambar sarbur kuwa ban tambaye ta komai ba, don inji ne, ba ɗan ƙauye ba. Ita ranar isowar saƙo take faɗa, gaskiya tsantsa. Ni na laƙa mata "Ranar ruwa". Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har zufa ta jiƙa takardar.

Na shiga wurin Madam na ajiye mata takardar. Ta karanta sau biyu, ita da ba ta son sau biyu. Ta ce, "Wa ya ce ka sa lokacin sarbur?"

Na ce, "Ba kowa, Madam."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

Ta ce, "Na tambaye ka ko ka tabbata." Ta kwana biyu tana buga waya, ta kakkaɓe ƙasan mangaza, ɗakin ajiyar porje, ta roƙo ragowar wani wuri, aka haɗa 'yan buhuna. Ta ce ni zan shiga katkat, motar shiga rairayi, in kai, kuma ni zan yi bayani.

Mun isa da hantsi. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar maigari, maza suka taru. Malam Ma'azu ya zo daga baya, ya zauna can gefe, kuma na lura wanda ke kusa da shi ya ɗan ja jiki. A hanya shofer ɗin motar ya riga ya ba ni labari. Da dattijon ya koma ba iri ba waya, gari ya ɗauka. Wasu suka ce bai tura komai ba, barci ya yi. Wasu suka ce ya sayar da sunan garin, an ba wani ƙauye rabonsu. Shi da ake ba ajiyar amana, aka daina ba shi ko saƙon kasuwa. Ɗan damin da ya ɓoye na irin baɗi ya sussuke ya raba wa maƙwabta tiya-tiya, aka karɓa, aka ce ai alhaki ne ke cinsa.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na zo da iri, na zo da magana. Malam Ma'azu ya auna daidai, ya tura daidai, ya zo har Damagaram ya faɗi gaskiya. Ni na ƙaryata shi. Kuskuren a hannuna yake, ba a nasa ba."

Maigari ya ce, "To inji ne ya yi ƙarya?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ni ne."

Wani daga baya ya ce a hankali, "Ko dai sun shirya ne." Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan ce.

Na matsa wurin dattijon na miƙa masa wayar da hannu biyu. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Madam ta ce ka ci gaba da aikinka."

Ya dubi wayar, bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka bar ta wurinka, ɗana. Ita ba ta yi ƙarya ba, ni ban yi ba, mu biyu kuma aka kora. Ku sauke buhunan, rana tana yi."

A ranar suka shuka, sati biyu cur bayan sauran garuruwa. Geron ya tsira, ya yi kyau, ya fid da kai. Yana cikin bununi ruwa ya ɗauke, bai dawo ba. Garuruwan da suka shuka da wuri sun samu abin da suka samu, kaɗan ne amma hatsi ne. Su Malam Ma'azu kara suka yanka. Kafin sanyi ya shigo mazan garin sun watse ci-rani, har da shi, da furfurarsa, aka ce an gan shi yana gadin wani kango a Kano.

Na gyara shafin, mana. Gyaran bai kai rabin awa ba. Lokaci uku na jera: na waya, na sarbur, da ranar da mutumin ya faɗa da bakinsa, kowanne da sunansa na gaskiya a sama. In suka saɓa, shafin ya yi ja, a kira mutum a tambaye shi kafin a yanke komai. Shi ya sa in kun kawo mini aiki nake tsare ku da tambaya har ku ce tsohon nan ya cika zargi. Na cika. Yanzu dai na san daga inda zan fara. Wayar tana nan a durowar hagu, duk wanda ya ce layi ɗaya ne ya ɗauko ta ya zare batir ya gani.

Na sake ganinsa sau ɗaya, bayan shekara huɗu ko biyar, a tashar motocin Dogo, cikin damina. Ya rame, yana dogara sanda, da ƙullin magani a hannu. Ni na fara gane shi, na ƙarasa na durƙusa. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi Madam. Sai na yi tambayar da kowa ke yi a damina. Na ce, "Baba, yaya ruwa wajenku?"

Ya gyara riƙon sandarsa, ya dube ni.

"An yi mana shekaranjiya, Malam Lawali," in ji shi. "In ka yarda."